Yadda Ake Tunkarar Mai Bin Bashi Idan Babu Kuɗin Biya

A zauren sulhu, ko a ofishin shugaban kasuwa, ko a gaban alƙali, abin da mai bin bashi yake fara faɗa ba ya wuce ɗaya: "Ba kuɗin ne ya fi ɓata mini rai ba, ya daina ɗaukar wayata ne." Mafi yawan masu ba da bashi sun san jari yana karyewa, albashi yana makara, gona tana ƙin yi. Abin da ba sa jurewa shi ne a mayar da su kamar ba su san abin da suke yi ba: a ga kiransu a kife waya, a hango su a canza layi, a aiko yaro ya ce Baba ba ya nan alhali takalminsa na ƙofar ɗaki. Daga nan ne maganar ciniki take komawa maganar mutunci, kuma maganar mutunci ta fi tsada.

Abin da ke biye hanya ce ta zuwa wurin wanda yake binka da ƙafarka, tun kafin shi ya zo. Mace da namiji duk ɗaya ne a nan, ko da yake mun yi magana da "kai".

Fara da takarda da biro

Wanda bashi ya yi wa katutu da wuya ya san jimillar abin da ake binsa. Ya san "da yawa ne", kuma tsoron "da yawa" shi ke hana shi barci. Don haka aikin farko a gida za a yi shi, cikin dare ɗaya. Ka samu littafin rubutu na 'yan makaranta, ka ja layi gida shida: sunan mai kuɗi, ainihin abin da ka karɓa, abin da ka riga ka biya, abin da ya saura, ranar da kuka yi alkawari, sai shaida ko jinginar da ke tsakaninku. Kada ka tsallake ƙanana. Dubu 4 na mai shago, kuɗin ɗinkin da tela ke bi, cikon kuɗin makaranta, duk su shiga. Ka buɗe saƙonnin banki a wayarka da hirarrakin WhatsApp ka tabbatar da kowane adadi, domin ƙwaƙwalwar wanda ake bi takan rage, ta mai bi kuma takan ƙara.

Bayan haka ka raba su, domin ba duka ne bashi ba. Akwai kuɗin da aka ranta maka, akwai kuma kuɗin da aka ba ka amana: zubin adashin da ke hannunki a matsayin uwar adashi, kayan da uban gidanka ya ba ka ka sayar ka kawo kuɗin, kuɗin marayu, kuɗin masallaci ko na ƙungiya, kuɗin da wani ya turo daga waje a saya masa fili. Wannan rarrabewa tana da nauyi ƙwarai. Kasa biyan rance magana ce tsakanin mutum da mutum, amma taɓa amana laifin cin amana ne a dokar laifuka ta Arewa, ana iya gurfanar da mutum a kansa. Saboda haka amana ce a sahun gaba. Bayanta sai bashin da yake haihuwa kullum, wato mai kuɗin ruwa da tarar makara. Sai wanda aka yi jingina a kansa ko wani ya tsaya maka. Sai bashin wanda shi ma a matse yake, irin lebura ko mai sayar da abinci da jarinta bai kai ya kawo ba. Bashin ɗan'uwa mai hali yakan iya jira, amma fa jiran da aka nemi izininsa.

Nawa za ka iya, ba nawa kake so ba

A shafi na biyu ka rubuta abin da ke shigo maka a wata. Idan sana'arka ba ta da tsayayyen samu, ka ɗauki wata mafi rauni cikin watanni ukun da suka wuce, kada ka ɗauki na tsakiya balle mafi kyau. Ka cire abinci, haya, kuɗin mota zuwa wurin aiki, magani, makarantar yara. Abin da ya rage, kada ka yi alkawari da shi duka.

Misali, mutum yana samun naira dubu 150 a wata, buƙatun dole suna cin dubu 115, saura dubu 35. Abin da ya kamata ya ɗauka wa masu binsa gaba ɗaya shi ne dubu 25. Dubu 10 ɗin nan ita ce za ta tare zazzaɓin yaro ko fashewar taya, domin ranar da irin wannan ta faru ba tare da ajiya ba, kuɗin bashin za a taɓa, alkawari ya karye tun a wata na biyu. Alkawarin da ya karye bayan an yi zaman sulhu ya fi rashin alkawarin muni, saboda ya cinye ragowar yardar da ake yi maka.

Sannan ka duba abin da za ka iya sayarwa. A nan mutane suke yin kuskure iri biyu. Wani yana riƙe da babbar waya, fili a bayan gari da ba ya komai da shi, ko ragunan kiwo, yana cewa ba shi da ko sisi, kuma mai binsa ya san da su. Shari'a ta kira jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi zalunci. Wani kuma tsoro ya sa ya sayar da abin da yake ci da shi: keken ɗinki, babur ɗin da yake haya da shi, injin markaɗe. Ya biya rabin bashi, ya rasa hanyar biyan sauran. Ƙa'idar ita ce a sayar da abin da ke kwance, a bar abin da ke kawo kuɗi.

Abu ɗaya da ba a yi ko ana ha-maza-ha-mata: cin sabon bashi mai ruwa don biyan tsoho. Ka ɗauki misalin manhajar bashi ta waya da ke ba da dubu 50 a mayar da dubu 60 bayan mako biyu. In ka ci na wata manhajar mai irin wannan sharaɗi don ka rufe ta farko, bayan mako huɗu dubu 72 ake binka, in ka ci gaba da haka, bayan mako takwas ya haura dubu 103. Ba ka sayi komai ba, ba ka ci komai ba, bashin ya ninka.

Zaman da kansa

Lokacin zuwa shi ne kafin wa'adi ya cika, da zarar ka tabbata ba za ka iya cikawa ba. Mako ɗaya kafin ranar ya fi kwana ɗaya bayanta daraja nesa ba kusa ba, domin shi ma mai kuɗin wataƙila ya riga ya yi wa wani alkawari da kuɗin nan. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa da ya ba ka kaya, shi ma akwai wanda ya ba shi, kuma akwai ranar da zai yi lissafi da shi. In ka sanar da shi da wuri, ka ba shi damar ya gyara nasa. In kuwa wa'adin ya riga ya wuce da wata shida, to yau ce ranar, ba bayan salla ba.

Ka kira ka nemi lokaci, ka faɗi dalili a fili: "Alhaji, ina so in zo mu zauna kan maganar kuɗinka. Yaushe zan same ka?" Kada ka tare shi a shago gaban masu ciniki, kada ka ja shi gefe a wurin ɗaurin aure ko zaman makoki. Gida bayan la'asar, ko shago bayan an tashi kasuwa, ya fi. Saƙon waya ba ya maye gurbin zuwa, sai in nisa ya hana, a nan ma kira ya fi rubutu.

Ka tafi da mutum ɗaya, wanda ku biyun kuke jin nauyinsa: wanda ya haɗa ku tun farko, shugaban layinku a kasuwa, limamin unguwa, ko babban yaya in bashin na cikin dangi ne. Kada ka kwashi tawaga, zai ga kamar an zo a yi masa taron dangi a tilasta shi ya yafe. Matar aure da ta ci bashi ba da sanin maigida ba, gara ta fara shaida masa ko ta sa wata babba a gidan ta shaida masa, domin labarin zai iso shi ko ta wace hanya, kuma jin sa daga bakin mai bin bashi a ƙofar gida shi ne mafi muni.

Ka riƙe wani abu a hannu, ko yaya yake. Wanda ake bi dubu 600 ya ajiye dubu 30 a gaban mai kuɗi, maganarsa ta riga ta bambanta da ta wanda ya zo da baki kawai.

Bayan gaisuwa, kada ka yi dogon sharar fage. Tsarin maganar huɗu ne, a jere: adadin, abin da ya faru, abin da za ka iya, abin da kake roƙo. Ga yadda take fita:

"Alhaji, kuɗinka da ke wurina naira dubu 600 ne, na kayan da na ɗauka kafin azumi. Na yi maka alkawarin ƙarshen watan nan, kuma ba zan iya cikawa ba. Kayan na bayar da rabinsu bashi, ba a biya ni ba, wasu kuma na sayar na ci kuɗin a hidimar gida, wannan laifina ne. Ga dubu 30 yanzu. Akwai atamfa turmi goma da ba a sayar ba, in ka yarda in dawo maka da su a kan farashin da na ɗauka. Abin da ya saura ina roƙon ka bar ni in riƙa kawo dubu 20 duk ranar 5 ga wata."

Ka lura da abin da babu a ciki. Babu "in sha Allahu nan da ɗan lokaci" ba tare da rana ba. Babu labarin wata kwangila da ake jira ko wani ɗan'uwa da zai turo daga Saudiyya. Babu rantsuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: in akwai wasu masu binka, ka faɗa masa, ka nuna masa littafin in ta kama, domin ya gane dalilin da ya sa dubu 20 ce ba dubu 50 ba. Zai ji daga baya ko ba ka faɗa ba, kasuwa ba ta da sirri.

Daga nan sai ka yi shiru ka saurara. Zai yi faɗa, wataƙila ya tuno maka alherin da ya yi maka tun shekaru. Haƙƙinsa ne, mai haƙƙi yana da bakin magana. Kada ka katse shi, kada ka ce "ai ni ma", kada ka kawo wani tsohon saɓani. Yawanci bayan faɗan ne ake samun rangwame. Wurin da ake faɗuwa shi ne nan: kunya ta kama mutum, Alhaji ya ce "dubu 20 ta yi kaɗan, ka riƙa kawo 50", shi kuma ya ce to. Kada ka amsa abin da lissafinka bai ba ka ba. Ka ce, "Wallahi da zan iya da na fi kowa so, amma in na ce 50 ƙarya zan yi maka. Duk watan da aka samu ƙari zan kawo ƙari." A nan ne wanda ka zo da shi zai yi amfani.

Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 280, ya umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ya kuma nuna yafewa ta fi. Amma ba kai za ka karanta masa ayar ba. Daga bakin wanda ake bi, tana fita kamar wa'azin neman tsira. Ka bar wa liman ko dattijon da ke wurin.

Akwai maganar da ta yawaita tun daga 2023, da aka cire tallafin fetur darajar naira kuma ta faɗi: mai kuɗi ya ce dubu 600 ɗin bara ba ita ce ta bana ba. Gaskiya ya faɗa ta fuskar ciniki, amma sharɗanta ƙari saboda jinkiri riba ce a Musulunci, kada ka yi tayin ta don a sassauta maka, kada kuma ka sa hannu a kanta. Abin da aka ranta shi ake mayarwa: wanda ya ranci buhun masara buhun masara zai biya ko farashi ya hau ko ya sauka, wanda ya ranci naira naira zai biya. In ka gama biya ka ƙara masa wani abu don kanka, ba tare da an yi sharaɗi ba, wannan kyautatawa ce kuma Sunna ta yaba da ita.

A rubuta, ko da tsakanin wa da ƙane ne

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, duk da haka mutanenmu suna jin nauyin cewa a rubuta, wai kamar rashin yarda ne. Kai da ake bi, kai ya kamata ka nema, domin kai takardar ta fi karewa. Ta ƙunshi cikakken sunan kowa, jimillar da aka amince ta saura bayan an cire abin da aka biya da kayan da aka mayar, adadin kowane biya da ranarsa, lambar asusun da za a riƙa turawa, abin da aka yafe in an yafe, da sa hannun ku biyu da shaidu biyu. Kowa ya riƙe kwafi, a kuma ɗauki hotonta a waya.

Biya ta banki ya fi, ka rubuta a wurin bayani cewa biyan bashi ne na wata kaza. In hannu da hannu ne, a rubuta a bayan takardar a sa hannu nan take. Kada ka ba yaron shago ko direba ba tare da ka kira mai kuɗin ya tabbatar ba. Rigimar "na ba yaronka" ta ɓata sulhu da yawa.

In an nemi jingina, ta yi daidai da bashin. Ba a ba da takardar gida a kan dubu 300. A rubuta abin da aka jinginar, ƙimarsa, wanda zai riƙe, da cewa ba za a sayar ba sai da saninka, kuma in an sayar rarar taka ce. Cakin banki kuwa, kada ka rubuta na kwanan wata mai zuwa kana fatan kuɗi za su shigo kafin ranar. A Najeriya dokar 1977 ta mayar da ba da cakin da ya dawo babu kuɗi laifi mai ɗaurin shekara biyu. Haka tura alat na bogi: bashin da ba laifi ba ne ka mayar da shi damfara da hannunka.

Idan watan biya ya zo babu kuɗin, ka kira kwana uku kafin ranar, ka kai abin da ya samu ko rabi ne, ka faɗi ranar cikawa, ka kuma sanar da shaidun.

Banki, manhaja, 'yan sanda da kotu

Banki ba ya jin kunya kuma ba ya fushi, takarda yake ji. Ka je reshen da ka ci bashin, ka nemi cikakken bayanin asusun bashin, ka rubuta wa manaja wasiƙar neman a sake tsara biyan: a tsawaita lokaci, a rage abin da ake cira duk wata, a sassauta tarar makara. Ka sa a buga hatimi a kwafinka. Kwashe kuɗi zuwa wani banki ba mafita ba ce, domin tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarin GSI, wanda ke ba banki damar bin lambar BVN ya ciri abin da yake bi daga asusunka na wasu bankuna. Sunanka kuma zai shiga rajistar hukumomin tattara bayanan masu cin bashi, ya tare maka hanya nan gaba. In ka ga an yi maka cirar da ba ta dace ba, ka fara kai ƙorafi a rubuce ga bankin, in bai warware ba ka kai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.

Manhajojin bashi da ke tura wa mutanen cikin wayarka saƙon cin mutunci suna cin ribar tsoron tonon asiri ne. Ka riga su: ka shaida wa iyalinka da makusantanka cewa ka ci bashin kuma za su iya samun saƙo. Ka ajiye hoton kowace barazana, ka kai ƙara hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda ke sa ido kan waɗannan kamfanoni. Wannan ba ya sauke maka uwar kuɗin da ka karɓa, ka rubuta musu tayin yadda za ka biya ta.

Dokar 'yan sanda ta 2020 da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 duk sun hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya zalla, sun kuma hana kama wani a madadin wani. Duk da haka, in an gayyace ka ofishinsu ka je, da rana, tare da wani babba ko lauya, da takardunka. Sau da yawa mai ƙara yakan rubuta "damfara" ne don a karɓi ƙarar, kuma gudunka shi ke gaskata shi. Kada ka sa hannu a alkawarin biyan da ka san ba za ka iya ba don kawai a sake ka. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya neman ofishin hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta da ke jiharsa.

Sammacin kotu ba a ƙin karɓarsa, ba a kuma ƙin zuwa, ko kotun Shari'a ce, ko majistare, ko kotun ƙananan ƙararrakin bashi irin wadda Kano ta buɗe a 2019. In ba ka je ba ana iya yanke hukunci a bayan idonka da adadin da mai ƙara ya faɗa, daga nan sai maganar kwashe kaya. In ka je, ka amsa abin da yake gaskiya, ka musanta ƙarin da ba ka sani ba, ka nuna shaidar abin da ka biya, ka roƙi a ba ka damar biya kaɗan-kaɗan. Alƙalai suna yin haka, kuma sukan ba da dama a je a yi sulhu a dawo.

Wanda bashi ya fi ƙarfinsa ta hanyar halal yana cikin rukunin mutane takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ba su haƙƙi a zakka. Neman ta ba bara ba ne. Jihohi irin su Kano da Sakkwato suna da hukumomin zakka, akwai kuma masu hali a dangi da sukan fitar da ita duk shekara ba su san halin da kake ciki ba. In kuwa damuwar ta kai ga rashin barci na makonni, ciwon kai da bugun zuciya, ko tunanin gara mutuwa, ka faɗa wa wani a yau ɗin nan, ka je asibiti a duba ka, a auna jininka.

Littafin nan na farko, ka nuna wa mutum ɗaya a gidanka inda yake. Ana fitar da bashi daga dukiyar mamaci kafin wasiyya da rabon gado, kuma magada ba za su biya abin da ba su sani ba, ba za su iya musanta ƙarin da wani zai laƙaba maka ba.

Ranar biyan ƙarshe ma tana da nata aikin. Ka kira shaidun nan biyu, a rubuta a jikin takardar cewa an gama biya, mai kuɗi ya sa hannu da kwanan wata. Ka karɓi jinginarka a wurin, ka duba ta, ka karɓi duk wani caki ko takardar da ka taɓa sa wa hannu. Ka sanar da wanda ya tsaya maka cewa nauyi ya sauka daga kansa. In banki ne, ka nemi wasiƙar shaidar cewa ba a binka komai, bayan wata biyu kuma ka bincika ko an gyara sunanka a rajistar masu bashi, domin sau da yawa ba a gyarawa sai mutum ya bi da kansa.